Jitar Agadas da makaɗan da aka raina

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine mai suna Mahamadou Souleymane ya tsallako iyaka daga Nijar ya shigo Sakkwato don ya ɗauki waƙoƙinsa a situdiyo. Lokacin waƙoƙin finafinan Hausa ne ke tashe, masu gangar kwamfuta da na'urar nan da ke lanƙwasa murya ta mayar da ita kamar ta sarewa. Irin wannan kwalliyar aka yi wa waƙoƙinsa na harshen Tamashek, ya kwashe abinsa ya koma gida. A lokacin babu kamfanin da ya buga kundin, mai suna Anar, babu kuma shagon da ya jera shi a kanta. Waƙoƙin da kansu suka kama hanya, daga memori zuwa memori, daga waya zuwa waya ta Bluetooth, a tashoshin mota da rumfunan masu caji, har suka kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ci karo da ɗaya daga cikinsu, ya sa ta cikin wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011, sannan ya shiga cigiyar mai ita. Wannan saurayin shi ne duniya ta sani yau da sunan Mdou Moctar, wanda masu sharhi a Amurka da Ingila ke lissafawa cikin gwanayen jita na wannan zamani.

Na fara da wannan labari ne saboda yana yi mini ciwo. A gidanmu aka ɗauki waƙoƙin farko na mutumin, da kayan aikinmu da salonmu, amma ka tsaya a Sakkwato ko Kano ka tambayi samari goma masu son kiɗa ko sun san shi, da wuya ka sami mai amsa maka. Idan aka ce kiɗan rok, hankalinmu kan tafi ga wasu Turawa masu dogon gashi suna ihu. Ba mu cika tunanin cewa akwai reshen wannan kiɗa mai rai da ƙarfi a Agadas ba, garin da Hausa ce harshen kasuwarsa, garin da ayarin gishiri ya haɗa mu da shi tun kaka da kakanni.

Inda abin ya samo tushe

Fari ne ya haifi wannan kiɗa. Na 1973 da na 1984 sun ƙarar da dabbobin Abzinawa da yawa, samari suka rasa kiwo, suka bazama Aljeriya da Libiya neman na kai wa baki. Aka riƙa kiransu ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. A garin Tamanrasset na kudancin Aljeriya, wajen 1979, Ibrahim Ag Alhabib da abokansa suka fara abin da ya zama ƙungiyar Tinariwen. Daga baya da yawa cikin waɗannan samari suka shiga sansanonin horon soja da Gaddafi ya buɗe, kuma jita ta bi su can. Waƙoƙinsu na kewar gida ne da kiran 'yan'uwa su farka. Kalmar da suke kiran salon da ita, assuf, tana ɗauke da kewa da kaɗaici da duhun da ke bayan hasken wutar zango.

A ɓangaren Nijar, sunan da ya kamata a fara ambata shi ne Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist Nakal. Bayan kashe-kashen Cintabaraden na watan Mayun 1990, tawaye ya ɓarke a arewa, kaset-kaset ɗinsa suka zama rediyon 'yan tawaye. A ɓoye ake kwafar su ana miƙa wa juna, don kama mutum da irinsu na iya jawo masa wahala. Sai da aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta ranar 24 ga Afrilun 1995 jita ta fito fili. Da ta fito, ba ta tarar da ɗakunan kallo ko kamfanonin buga faifai ba. Abin da ta tarar shi ne biki da suna, kuma a nan ta yada zango.

Akwai wani abu da jita ta zo da shi wanda ba a cika lura da shi ba. A al'adar Abzinawa, kamar a tamu, kiɗan sana'a yana da gidajensa, ba kowane ɗan gida ke ɗaukar molo ya shiga taro ba. Jita kuwa baƙuwa ce, ba ta da gadon kowa, don haka ɗan makiyayi da ɗan malami duk suna iya miƙa mata hannu. Wannan bai hana iyaye ƙyamar ta ba. Shi kansa Mdou Moctar gidansu na masu riƙo da addini ne, ba su yarda ba. Bayan ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa, sai ya sami katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, ya koya wa kansa. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa har yau.

Yadda kiɗan ke aiki

Wanda ya saba da garaya ko gurmi ko molo ba zai ji wannan kiɗa baƙo ba. Matakan murya biyar ake yawo a kansu. Makaɗi kan bar tsirkiya ɗaya mai kauri tana gunji a ƙasa ba ta sauyawa, babban yatsa na riƙe da ita, sauran yatsu suna tsince-tsince a sama. Wannan hannun tahardant ne, molon Abzinawa mai tsirkiya uku, aka ɗora a kan jita mai shida. Lanƙwasar da ake ji a cikin amon kuwa tana tuna wa mutum imzad, gogen da matansu ke ja.

Bugun ƙasa daga wurare biyu ya fito. Akwai tende, wato turmin daka da ake rufe bakinsa da fatar akuya, mata su zauna su kewaye shi da tafi da amshi, mahaya raƙuma suna zagaye su. Akwai kuma takamba, kiɗan molo da ƙwarya da ya yi ƙarfi a yankin Gao, mai ɗingishi a cikin tafiyarsa, wanda ake yi wa rawar hannu da kafaɗa a natse. Abin da samarin Agadas suka yi shi ne suka ɗauki waɗannan bugu biyu suka ɗora su a kan jerin gangunan bature, suka ƙara musu sauri ninki. Tinariwen tafiyar dattawa suke yi, a hankali, da nauyi. 'Yan Agadas gudu suke yi. Waƙa kan fara a tsanake, mai ganga ya riƙa matsa mata kaɗan-kaɗan ba tare da ka ankara ba, har ka farga kowa na tsalle.

Sai ƙarar nan mai kaushi, wadda ita ce tambarin rok a ko'ina. A Turai da Amurka, makaɗa kuɗi suke kashewa su sayi na'urorin da ke dagula amon jita. A Agadas rashi ne ya kawo ta. Ƙaramar amfilifaya ce da tsohuwar lasifika, ana so su cika fili mai ɗaruruwan mutane, sai a murɗa su har ƙarshe, amon ya tsage. Kunnuwa suka saba da tsagewar, ta zama ita ce daɗin. Ba a ce babu tasirin waje ba. Bombino, wani gwanin jitar Agadas, ya sha faɗin yadda ya riƙa kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler yana kwaikwayon yatsunsu lokacin da yake gudun hijira, Mdou Moctar ma daga baya ya ga wasan Eddie Van Halen ya tsinci abin da ya tsinta. Amma sun tarar da waɗannan ne bayan hannunsu ya riga ya nuna a gida.

Filin biki

Nan ne zuciyar maganar. Duk wanda ya san waɗannan makaɗa ta hanyar kundin da aka ɗauka a situdiyo kaɗai, inuwar abin ya sani.

A Agadas ba tikiti ake yanka ba. Ana share fili a ƙofar gida ko a bakin unguwa, a shimfiɗa tabarmi da dardumai, a tada janareta can gefe, a ja waya. Makaɗa ba su da dandamali, ƙasa ɗaya suke takawa da jama'a. Mata na zaune gefe guda cikin kwalliya, samari sun yi da'ira da rawunansu, yara na kutsawa ta ƙafafun manya, 'yan babur sun jeru a baya. Tsakiyar fili ta masu rawa ce, suna fitowa rukuni-rukuni, su taka su koma wasu su fito. Guɗa na tashi, ƙura na tashi, ana liƙi.

Wannan tsari shi ke mulkin kiɗan. Tsawon waƙa ba a hannun mawaƙi yake ba, yana hannun masu rawa. Idan fili ya ɗauki zafi, waƙar da ba ta wuce minti huɗu ba sai ta kai goma sha, mai jita na juya jimla ɗaya yana sake mata riga, yana kallon ƙafafun mutane. Idan rawa ta yi sanyi, dole ya san abin da zai jefa ya farfaɗo da ita nan take, don akwai wata ƙungiyar a unguwar gaba da za a kira a biki na gaba in shi ya gaza. Gasa ce mai zafi, har fim aka yi a kanta a Agadas, ya fito a 2015, Mdou Moctar ne ya ja shi. Makaɗin da ya shekara goma yana wannan aiki, wani lokaci da rana da dare a yini ɗaya, ya sami horon da babu makarantar kiɗan da za ta ba shi. Shi ya sa idan suka hau dandamali a Turai ko Amurka masu kallo ke mamakin yadda ba sa gajiya da yadda suke juya taro kamar waina. Ba su san cewa a wurin waɗannan mutane wasan awa ɗaya da rabi somin-taɓi ne ba.

Ƙungiyar da ta fi nuna wannan, kuma wadda a ganina aka fi tauye wa haƙƙi, ita ce Etran de L'Aïr, wato taurarin Abzin. 'Yan'uwa ne na jini, wa da ƙane da 'ya'yan baffanni, daga wata unguwar talakawa a Agadas. Sun fara a 1995 da jita ɗaya marar lantarki, gangarsu kuwa ƙwarya ce da aka kifa a kan ruwa ana bugunta da takalmi, irin kiɗan ruwan da matanmu suka sani. Sannu a hankali suka tara kayan aiki. Su ne makaɗan da marar ƙarfi ke iya kira, waɗanda ke zuwa bikin da manyan taurari ba za su taka ba. Sun shafe fiye da shekara ashirin a haka kafin kundinsu na farko ya fita waje a 2018 ta hannun kamfanin Sahel Sounds. Shi ma ba a situdiyo aka ɗauke shi ba, a waje ne, da hayaniyar unguwa da guɗar mata a ciki. Na biyu, mai suna Agadez, ya fito a 2022.

Kiɗansu ya bambanta da na sauran. Babu baƙin ciki mai nauyi a cikinsa, haske ne da walwala. Jitoci biyu ko uku ke saƙa da juna, wannan ya ɗauko zare wancan ya karɓe, ba wanda ke neman ya danne ɗan'uwansa. Mai kunne zai ji ɗanɗanon jitar Kongo a ciki, ya ji na Zabarmawa, ya ji namu. Dalili a fili yake: garin mahaɗa ne, kuma mai kiɗan biki dole ya iya faranta wa kowace ƙabila da ta kira shi. Ni dai ban san wata ƙungiyar jita a yau da ke sa ni murmushi tun daga bugun farko kamar su ba.

Akwai wani taro da ya kamata a tuna. Tawaye na biyu, daga 2007 zuwa 2009, ya sake jefa masu jita cikin haɗari, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗan Bombino, shi kuma ya tsere Burkina Faso. Da ƙura ta lafa ya dawo, a watan Janairun 2010 ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas, mai hasumiyar ƙasa da ta kai mita 27, da yardar Sarkin Abzin, jama'a suka yi dafifi suna rawa. Kayan kiɗan da ake ɓoyewa jiya, ga shi a tsakiyar gari a gaban sarki. Wanda bai san abin da ya gabata ba zai ɗauka shagali ne kawai.

Raini kala-kala

A gida, sunansu makaɗan biki. Ana son su, ana kiransu, ana yi musu liƙi, amma ba a ɗauke su masu fasahar da ta cancanci a adana ba. Mun san wannan hali, don haka muka yi wa namu makaɗan da yawa, sai bayan sun mutu a shiga neman kaset ɗinsu.

A waje kuma rainin ya sha ado. An laƙaba wa kiɗan suna da Turanci mai nufin blues ɗin hamada, wato an jingina shi da wani salon kiɗan baƙar fatar Amurka, aka tura shi rukunin da suke kira kiɗan duniya, akwatin da ake zuba duk abin da ba na Turai ko Amurka ba, mai goge da mai algaita da mai jitar lantarki duk wuri ɗaya. Tinariwen sun ci kyautar Grammy a 2012 da kundinsu Tassili, amma a wannan rukuni. Bombino ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar Grammy, da kundinsa Deran na 2018, shi ma a rukunin nan. Illar wannan suna ita ce yana sa mai sauraro ya zo neman rawani da raƙumi da rairayi, ya manta da sauraron abin da yatsu ke yi. Yana kuma ɓoye maganar da ke cikin waƙoƙin. Mdou Moctar na waƙa a kan yuraniyom ɗin garin Arlit na arewacin Nijar da kamfanonin Faransa suka shafe shekaru suna haƙa tun farkon shekarun 1970 alhali ƙauyukan yankin na kwana cikin duhu, yana waƙa a kan harshensa da yake tsoron ya ɓace. Mutum na iya tsalle a gabansa a Landan bai san da shi ake ba.

Wannan katanga ta fara tsagewa ne lokacin da Matador, kamfanin Amurka da aka sani da buga ƙungiyoyin rok, ya ɗauki Mdou Moctar ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Daga nan mujallun rok suka fara auna shi da sauran masu jita, ba da masu kiɗan gargajiya ba. Kafin nan ma manyan rok sun daɗe suna kai kansu. Robert Plant na Led Zeppelin ya je bikin kiɗan hamada na Essakane, kusa da Tumbuktu, a 2003. Dan Auerbach na Black Keys ya kira Bombino birnin Nashville suka yi kundin Nomad na 2013. Mai jitar ƙungiyar Wilco da mawaƙan TV on the Radio sun sa hannu a Tassili. A yankin Sahara kuwa tasirin ya fi haka zurfi, don daga Kidal zuwa Tamanrasset zuwa kudancin Libiya da wuya ka sami garin Abzinawa da babu samari masu ƙungiyar jita.

Sai dai hasken ya faɗa kan mutum biyu ko uku ne, ya bar sauran a inuwa. Ga Group Inerane ta Bibi Ahmed, wadda kundinta na 2007 na cikin na farko da suka kai amon jitar Agadas mai kaushi kunnen waje. Ga Koudede, wanda haɗarin mota ya ɗauke a 2012 yana tsakiyar ƙarfinsa. Ga Les Filles de Illighadad, 'yan matan wani ƙauye a yankin Abalak, inda Fatou Seidi Ghali ta koyi jita da ta yayanta, ta haɗa ta da tende, ta mayar da kiɗan hannun matan da daga gare su aka aro bugunsa tun farko.

A Yamai kuma akwai Tal National, waɗanda ba Abzinawa zalla ba ne, kuma su ne suka fi kusa da kunnen Bahaushe. Jagoransu, Hamadal Issoufou Moumine da ake kira Almeida, an san shi da alƙalanci da rana, jita da dare. Ƙungiyar ta haɗa Zabarmawa da Fulani da Hausawa da Abzinawa, akwai kalangu a cikin gangunansu, kuma suna waƙa da Hausa cikin harsunan da suke amfani da su. An san su da wasan awa biyar a dare ɗaya, dare biyar a mako, kuma yawansu ya sa suna iya rabuwa gida biyu su yi wasa a wuri biyu lokaci guda. Da hannunsu suka riƙa sayar da faifansu a shataletalen birni. Kundinsu Kaani ya fita waje a 2013 ta kamfanin FatCat na Ingila. Kiɗansu na da wuyar bugawa ƙwarai, bugu na hawa kan bugu, a juya kwana ba gargaɗi, kuma duk su sauka wuri ɗaya. Ina ganin da a wani birnin Amurka suke, da tuni an rubuta littattafai a kansu.

Namu laifin a Najeriya ba na ƙiyayya ba ne, na hanya ne. Kasuwar waƙarmu ta ginu a kan situdiyo da fiyano da mawaƙi ɗaya, mai kiɗa na bayan fage ba a ganinsa. Ƙungiyar mutum huɗu ko biyar da ke buga komai da hannu a gaban jama'a ta yi mana ƙaranci, gidajen rediyonmu kuma sun fi kallon Legas da Indiya fiye da arewa da iyaka. Ga bambancin Faransanci da Ingilishi da ya sa labarin Yamai kan biyo ta Paris kafin ya iso Kano.

Abin da ya fi damuna shi ne adana. Mafi yawan abin da aka buga a shekarun tawaye da bayansu a kan kaset yake, kwafin kwafi, an ɗauka da rikoda a tsakar gida ko a zango, sau da yawa babu suna babu kwanan wata a jiki. Zafi da ƙura na cin kaset, memori na lalacewa ko a goge shi a zuba sabo. Abdallah Oumbadougou, wanda ganin wasansa ya sa Mdou Moctar ya kwance birkin keke, ya rasu a 2020, kuma da yawa daga cikin masu cika ɗakunan kallo don ganin almajiransa a Turai da Amurka ba su taɓa jin sunansa ba.